Kwanakin da Yaya Nomau Ya Ɗauki Kayan Jakina

Shekara goma sha bakwai ke nan, a irin wannan lokaci na cire albasa, da muka kai yayana Nomau makwancinsa a Aliero. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ɗauki biro in ajiye. Ba abin faɗa na rasa ba. Abin da ya kamata in faɗa ne ba ya yi mini daɗi, domin ba ni ne na kirki a cikin labarin ba. Bana dai na duba na ga furfura ta gama cinye kaina, na ce gara in faɗa da bakina tun ina iyawa.

Ga wanda bai san shi ba, Nomau mai gyaran kofato ne. Ranar kasuwar Jega za ka same shi a gefen kara, inda ake cinikin dabbobi, ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro, da jakar fata a gabansa da ƙwaryar ruwa, masu jakai da dawakai sun yi layi. Wanda kofaton jakinsa ya yi tsawo har ya lanƙwashe, wanda na dokinsa ya tsage, wanda bijiminsa na huɗa ya fara ɗingishi, duk wurinsa suke zuwa. A garinmu an san mu da abu biyu, albasa da ɗori. Idan ƙashin mutum ya karye ba a rasa mai haɗa shi. Amma dabbar da ke ɗauko albasar daga fadama, kafin Nomau, sai dai ta yi ta ɗingishi ana binta da sanda.

Ba gadon gidanmu ba ne. Mu manoma ne tun kaka da kakanni, kuma Nomau, da yake shi ne babba, shi ya riƙe gonar bayan rasuwar mahaifinmu. Ni aka sa boko. Shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato ina koyarwa a firamare, rigata da guga, biro biyu a aljihu, ina ganin duk wanda bai iya cika fom ba bai san inda duniya ta dosa ba. Kowa a lokacin ya ɗaga kai yana hangen Birnin Kebbi, ana buɗe sababbin ofisoshi, ana neman masinja da direba da mai gadi. Na samo fom na aikin gadi, na cika wa Yaya da rubutuna mai kyau, na kai masa har lambu. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya. Bayan kwana uku na ga takardar a ɗakinsa, ya ƙunshe irin albasa a ciki.

Ashe hankalinsa yana wani wuri. A kasuwar Jega ya ga wani tsoho ɗan Mungadi, ana ce masa Baba Tunau, an kawo masa doki yana taka ƙafa uku. Tsohon ya sa aka zagaya da dokin sau biyu, ya ɗaga ƙafar, ya ɗan sassaƙe nan, ya goge can, kafin mai dokin ya gama shan furarsa dabba ta miƙe tana tafiya daidai. Yaya ya ce mini tun daga ranar bai ƙara kallon fuskar dabba ba sai ƙafarta. Yana da shekara talatin da takwas, da mata da 'ya'ya huɗu, ya hau kekensa ya tafi Mungadi ya durƙusa gaban tsohon ya ce a koya masa.

Mahaifiyarmu ba ta ji daɗi ba, kuma ba ta ɓoye ba.

"Nomau, mi ar raba ka da gonar ubanka?" in ji ta. "Mu ba maƙera na ba. Ka rasa abin yi sai duƙawa ƙarƙashin jakkan mutane?"

"Inna, gona tana nan, ba ta zuwa ko'ina," ya ce da ita. "Abinga dai nika so."

Iyakar hujjarsa ke nan, kuma bai taɓa ƙara mata komai ba. Ni kuwa na goyi bayan Inna da dukan ƙarfina, har da Turanci.

Baba Tunau ɗan gidan maƙera ne, a ƙuruciyarsa ya yi aiki a bargar dawakin En'e, can ya ƙware. 'Ya'yansa maza duk sun bi mota, ba wanda ya tsaya ya karɓi sana'ar. Za ka zaci mutumin da ya tsufa ba magaji zai yi saurin juye abin da ke kansa ga duk wanda ya zo. Ina! Wata shida na farko aikin Yaya shi ne riƙe ƙafa. Ya koyi yadda ake tunkarar jaki ta kafaɗa ba ta baya ba, yadda ake shafa daga cinya zuwa ƙasa har dabba ta miƙo ƙafar da kanta, yadda ake jingina ta a gwiwa ba a ja da ita. Ya sha harbi. Akwai ranar da ya dawo gida da leɓe kamar an cusa masa goro a ciki, yana ba mu labari yana dariya, wai laifinsa ne, bai yi wa jakin sallama ba.

Daga nan aka koma kallo. Tsohon yakan sa a share ƙasa a yayyafa ruwa, a bi da dabba ta kai, sai ya ce Yaya ya karanta sawun: wane gefe ne ya nutse, wane ne bai taɓa ƙasa ba. Wani lokaci ya ce ya rufe ido ya saurari takun, ya faɗi ƙafar da ke ciwo. Sai da shekara ta zagayo aka ba shi magagari, wato ƙarfen da ake goge bakin kofato da shi, aka kuma bar shi ya zauna ga zuga-zugi yana kallon yadda ake lanƙwasa takalmin doki. Shi ma takalmin, Baba Tunau ba kowane doki yake buga wa ba, sai wanda ke yawan taka kwalta da tsakuwa. Dokin da ke tafiya a rairayi, cewa yake yi Allah ya riga ya yi masa nasa. Wuƙa ce kawai ba a ba Yaya ba. Ita ce ƙarshen karatu. Ranar da tsohon ya miƙa wa mutum wuƙa a gaban jama'a, ranar ya zama mai sana'a, kuma kafin ranar ba shi da izinin ya yanki kofaton ko da akuya ce.

Shekara ɗaya da rabi yana wannan zirga-zirga, kwana uku a Mungadi, sauran a gona, ranar kasuwa yana bayan tsohon ɗauke da jaka, daga Jega zuwa Jandutsi zuwa Maiyama. Ni abin ya ishe ni. Nakan ce masa ko mai koyon likita ana ba shi allura ya gwada, wannan tsoho dai bawa ya samu. Yaya ba ya musu da ni. Yakan ce, "Malam, ai kai kas san karatu," ya ci gaba da abin da yake yi. Ya girme ni da shekara tara, amma tun da na fara koyarwa bai ƙara kiran sunana ba, sai Malam.

Kwanan baya wani ɗana ya nuna mini a waya yadda ake wannan aiki a ƙasashen Turawa. Ashe har makaranta ake shiga, a yi shekaru, a ci jarrabawa, a ba mutum takardar shaida. Na zauna ina kallo ina jin kunya ni kaɗai. Da a lokacin an ce mini abin da Baba Tunau ke yi a ƙofar gidansa shi ne ake yi a can cikin aji, da na sara masa. Matsalata ita ce ban ga allo da alli ba, sai na ɗauka ba karatu ake yi ba. Da Yaya yana nan na san zai karɓi wayar ya ƙura mata ido, ba ruwansa da ginin makarantar, zai ce a mayar masa baya ya ga yadda mutumin can ya riƙe ƙafar.

Yanzu ga abin da nake ta kewaye-kewaye a kansa.

Ni ma ina da ɗan lambuna a fadama, kamar kowane malamin makaranta a garinmu, ina kuma da jaki guda da ke yi mini jigila. A shekarar albasa ta yi kyau. Mun cire, mun tara a bakin lambu, saura a kwaso zuwa rudu, rumfar da muke shanya albasa a bayan gida don ta sha iska ta daɗe ba ta ruɓe ba. Sai jakin ya fara tuntuɓe. Ya daɗe yana tsayuwa a danshin fadama, kofatonsa na gaba ya yi tsawo ya karkace. Baba Tunau sai ranar kasuwa, saura kwana huɗu, rana kuma tana dukan albasata. Da azahar na ja jakin har ƙofar Yaya na ce ya yanke.

Ya ce a'a. Ya ce in bari ya goge da magagari kaɗan, ya lallaɓa har ranar kasuwa. Na ce magagari ba zai yi ba. Ya ce ba a ba shi wuƙa ba. Na zaro wuƙar da muke yanke ganyen albasa da ita na miƙa masa. Abin da na faɗa daga nan har yau ina jinsa a kunnena. Na ce shekara ɗaya da rabi ka bar gonar ubanmu, ka sa Inna kuka, ashe ko kofaton jakin ƙanenka ba ka iya gyarawa. A gaban matarsa na faɗa.

Ya karɓi wuƙar.

Daga baya na san kurakuran da aka yi a wannan ɗan lokaci, domin na ji shi da kansa yana lissafa wa wani su ba tare da ya sa sunana a ko ɗaya ba. Kofato a bazara ƙashi ne, sai an tsayar da dabba a ruwa ko a laka ya yi laushi kafin a taɓa shi. Ba mu jiƙa ba, ina sauri. Ana sassaƙa ne kaɗan-kaɗan, ana dannawa da babban yatsa, da an ji ya fara lotsawa a tsaya, domin rai yana kusa. Busasshen kofato kuwa sai an sa ƙarfi, wuƙar kuma ba ta aikin ba ce. Sara na uku ta zarce. Jakin ya yi wani irin kuka ya fizge, jini ya biyo hannun Yaya har gwiwar hannu. Sauri ya haifi nawa.

Ya wanke ciwon da ruwan gishiri, ya barbaɗa garin bagaruwa, ya shafe da man kaɗe, ya naɗe da tsumma. Ni kuwa tuni na fara dabara. Na ce ba wanda ya gani sai mu, a ce ƙusa ya taka. Ya dube ni, irin duban da bai taɓa yi mini ba, ya wanke hannunsa ya hau keke ya nufi Mungadi a cikin wannan rana.

Matar Baba Tunau ce ta ba mu labarin yadda aka yi, shekaru bayan haka. Ta ce tsohon ya saurare shi har ya gama, sannan ya tambaye shi, "Wa ab ba ka wuƙa?"

"Ba kowa, Baba."

"To wa ac ce ka yanka?"

Yaya ya sunkuyar da kai, bai ambace ni ba.

A gidan su Baba Tunau akwai wata ƙa'ida da suka gada, ban taɓa jin ta a wani wuri ba. Wanda ya fitar wa dabbar mutane jini a kofato, shi zai ɗauke ta ya kai gidansa ya yi jinyarta da abincinsa, kuma duk aikin da take yi wa mai ita, shi zai yi da jikinsa har ranar da ta taka ƙasa daidai. Idan ruwa take ɗebowa, ya ɗebo. Idan kaya take ɗauka, ya ɗauka. Tsohon ya ce da Yaya ya je ya yi. In jakin ya warke, za a duba maganarsa. In ya gurgunce, ko kuma ya gaji ya ajiye kayan, kada ya sake taka ƙofar gidansa.

Da Yaya ya dawo daga Mungadi na ji hukuncin. Ba tausayi ne ya fara zo mini ba, gaskiya ɗaya ce. Abin da ya fara zo mini shi ne me mutane za su ce: babban wa, magajin uba, ya zama jakin ƙanensa. Washegari na nemi izini a makaranta na tafi Mungadi. Na sami tsohon yana zaune a kan buzu yana wasa wuƙa, ɗan siriri, idonsa ɗaya ya fara fari. Na durƙusa na ce, "Baba, ni nis sa shi. Laihina na. Jakin nawa na, albasa tawa ta, kuma na yahe."

Bai daina wasa wuƙarsa ba. "Malam, kai kar riƙe wuƙa?"

Na ce a'a.

"To bakinka bai huda kohwato ba. Hannun da yay yanka, shi ka ɗauka." Ya gwada kaifin a farcensa. "In ka yahe, kai kay yahe. Jaki bai yahe ba."

Na dawo gida. Na ce wa Yaya zan ɗauki hayar wani jakin a ɓoye, a kwashe da sassafe kafin gari ya tashi. Ya ce in na yi haka na kashe masa sana'a da hannuna. Wannan karon na bar maganar.

Kwana talatin da bakwai aka yi. Jaki yana ɗaukar mangala cike gefe biyu, mutum kuwa kwando ɗaya yake iyawa a ka, don haka kowane zuwa ɗaya na jaki ya zama zuwa uku ga Yaya. Yakan fara bayan sallar asuba, ya naɗa gammo, ya yi ta kai da kawowa tsakanin fadama da rudu har rana ta take, ya huta, ya koma da la'asar. Da albasa ta ƙare aka koma kan sauran aikin jakin: ruwan gidana, itace, takin da ake kaiwa gona kafin damina. Tsakanin haka yana kwance tsumman ƙafar safe da yamma, yana wankewa, yana yanko wa jakin harawa daga rumbunsa. Tasa albasar matarsa da surukansa suka kwashe, wata ma rana ta riga ta dafa ta.

Garinmu ba a raga wa mutum. Zauruka suka samu abin taɗi. Akwai mai shayin da in Yaya ya wuce yakan yi masa irin tsakin da ake kora jaki da shi, majalisa ta fashe da dariya. Yaya yakan tsaya da kwando a ka ya ce, "Ku dai ku aje mani dussa," ya wuce. Wuyansa ya kumbura, gashin tsakiyar kansa ya zube, bai sake fitowa ba har ya bar duniya. Inna ta daina fita unguwa. Rannan ta aiko a kira ni, na zo, ta dube ni ta ce ba komai, in tafi.

Ni kuwa ina ina? Hanyar fadama ta bi ta bayan makarantarmu. Da na gane haka, sai na sake hanya. Nakan zagaya ta wajen masallaci, tafiyar da ta ninka, don kada mu haɗu a gaban ɗalibaina. Idan ya kawo ruwa gidana nakan shige ɗaki in buɗe littafi har in ji fitarsa. Na gaya wa kaina wai kunyarsa nake ji, wai ganina zai ƙara masa nauyi. Mutum idan yana son ya yaudari kansa ba ya rasa hujja, balle wanda ya yi karatu.

A mako na biyar jakin ya fara dafa ƙafar. Yaya bai yarda an ɗora masa komai ba sai da ya aika Mungadi. Baba Tunau ya zo a bayan wata motar albasa, ranar Asabar da hantsi, ya sauka a ƙofar gidanmu. Kafin a shimfiɗa masa tabarma unguwa ta cika, har da mai shayin. Ni ma ranar na fito, tunda ba makaranta kuma ba wurin ɓuya. Ya sa aka share ƙasa aka yayyafa ruwa, aka bi da jakin sau uku. Ya tsuguna ya daɗe a kan sawun. Ya ɗaga ƙafar ya danna da yatsa, ya sunsuna. Sannan ya miƙe ya ce da Yaya ya cire hula. Ya dubi tsakiyar kan nan da ya koɗe, ya ce ya mayar.

Sai ya buɗe jakarsa ya zaro wuƙarsa, mai ƙotar ƙaho, ya miƙa masa ta wajen ƙota. Ya ce sauran ƙafafu uku ma sun yi tsawo.

Yaya ya karɓa. Bai taɓa jakin ba sai da ya sa aka kawo kwatarniya, ya tsayar da ƙafafun a ruwa, ya zauna yana jira, jama'a na jira tare da shi. Wasu suka gaji suka tafi. Aikin da tsohon ke gamawa kafin a sha fura, Yaya bai gama ba sai da aka kira azahar. Kowane sassaƙa ɗaya sai ya danna da yatsa. Da ya sauke ƙafa ta ƙarshe ya goge wuƙar ya miƙa wa mai ita. Baba Tunau ya maida hannuwansa baya.

"Riƙe abinka," in ji shi. "Wanda bai san nauyin kayan jaki ba, ba ni ba shi ƙahwar jaki."

Inna tana leƙe ta bayan zana. Ban ga fuskarta ba, guɗarta kawai na ji, ita da ta ce mu ba maƙera ba ne.

Shekara goma sha biyar ya yi yana sana'ar. Bayan rasuwar tsohon shi ya gaji gindin bishiyar nan ta Jega. Fulani daga rugage suna kawo masa shanu, har ya iya gaisuwa da ciniki da harshensu. A iya sanina sau ɗaya ya sake fitar da jini, a kofaton jakar wani mai sayar da ruwa a garin Katanga, kuma ba wanda ya ce masa ya yi, ya je ya tare can mako biyu yana jan ruwa. Lokacin ba Baba Tunau a duniya balle a ce tsoronsa yake ji.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Albasar Aliero babur mai ƙafa uku ke kwaso ta daga fadama. Jakai sun yi ƙaranci, waɗanda suka rage ma ana loda su a manyan motoci ana yin kudu da su. A gindin bishiyarsa mai faci ne ke zaune. Samari masu hawan doki ranar biki suna kiran duk wanda ya iya riƙe guduma ya buga wa doki takalmi, in ya gurgunce a sayar a sayi wani. Ba na jin zai yi dogon tsaki, ba halinsa ba ne. Ina jin zai tsaya wurin mai facin ya ga ko yana duba taya da kyau kafin ya huda. Abin da na san zai dame shi shi ne yadda ɓarna ta zama ba ta da mai ita. Makanike ya lalata inji ya ce dama haka ya gan shi, magini ya yi katanga ta faɗi ya ce siminti ne. Mu malamai ma, yara nawa muka sassaƙa har muka taɓa rai, muka ce iyayensu ne ba su kula ba? Ban san malami ɗaya da ya ɗauki kwandon yaron da ya gurgunta ba, har da mai wannan rubutu.

Ciwon ajalinsa bai daɗe ba. Ana saura kwana biyu ya rasu na same shi da la'asar an fito da shi zaure yana shan iska. Shekara goma sha biyar muna gaisawa kullum, muna cin tuwo a akushi ɗaya, ban taɓa buɗe baki a kan maganar nan ba, shi ma bai taɓa ba. Ranar na ga in ban faɗa ba shi ke nan. Na ce, "Yaya, maganar jakin nan. Ni nis sa ka. Ka yahe mani."

Ya yi 'yar dariya har tari ya sarƙe shi. "Malam, wanga zance ai ya tsuhwa. Da ba ka sa ni ba, da ban iya aiki ba. Wannan tun kwandon hwarko na yahe."

Na ji sanyi a raina, har na fara gyara zama. Sai ya ci gaba, a hankali, yana kallon ƙofa.

"Abu guda dai. Kullum in na kai bayan makarantakku sai in waiwaya. Cewa nika yi ko Sahabi na hitowa shi raka ni. Ba don shi ɗaukam mani ba, Baba ya hana. Hira dai. Hanyag ga da tsawo in mutum na shi ɗai."

Rabon da in ji sunana a bakinsa tun ina saurayi. Ya ce in miƙo masa ruwa.

Idan na auna abin da ya rage na Nomau, ba shi da yawa a ido. Sana'ar tana mutuwa tare da jakai. 'Ya'yansa ɗaya tela ne, ɗaya yana sayar da irin albasa, ba wanda ya ɗauki jakar fatar. Amma har yau idan na shiga kasuwar Jega aka ce ga ƙanen Nomau, tsofaffin masu dabbobi sukan tashi su ba ni wuri, kuma ba ƙwarewarsa suke fara ambata ba. Cewa suke yi mutum ne da in ya ɓata ba ya gudu. Wannan suna shi ya saya da wuyansa, ni kuma ina cin albarkacinsa a zaune. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Baba Tunau da Inna, ya sa nauyin da ya ɗauka a nan ya zame masa sauƙi a can.

Laifin da na kai shekara goma sha biyar ina ɗauke da shi, na miƙa masa wuƙa, ashe shi bai ma riƙe shi ba. Wanda ya riƙe, ban taɓa sanin laifi ne ba sai da ya faɗa. Daga bayan makarantar zuwa fadama ba ta kai tafiyar rabin sa'a ba, na auna da ƙafata bayan rasuwarsa. Kwana talatin da bakwai yayana yana waiwayowa a wurin, ni kuwa ina cikin aji ina koya wa yara ladabi.